Mariƙin Sikin Zulai

Tun da na zo hutu gida Shahuci, duk wanda ya shigo yi mini sannu da zuwa tambayarsa ɗaya ce: yaya sanyin can? Sai in ce da sauƙi, mu wuce wurin. Gaskiyar magana sanyin ƙasar Ostiriya bai taɓa kai ni ƙasa ba. Abin da ya durƙusar da ni wani ɗan ƙarfe ne mai roba da bai fi tafin hannu ba, kuma ni na jawo wa kaina.

Zangona na farko babban birninsu ne. Wanda ya yi mini hanya, wani ɗan ƙasarmu mai daɗin baki, ya ce ina sauka asibiti zai karɓe ni hannu bibbiyu, tunda shekarata takwas ina aikin jinya a Kano. Na sauka, na kira lambarsa, ta shiga sau ɗaya, daga nan ba ta sake shiga ba har yau da nake wannan rubutu. Asibitin da ya faɗa yana nan, amma ba su taɓa jin sunana, Rakiya, ba. Suka ce sai na iya Jamusanci, sai na sake jarrabawa, sannan a duba takarduna. Wata bakwai na yi ina goge ofisoshi da safe, da yamma ina aji da sa'o'in ƙannena muna maimaita "wannan tebur ne, wannan kujera ce". Ni da nake samo jijiyar jariri ba tare da na huda sau biyu ba. Abin ya ci mini rai ƙwarai.

A wannan zangon wata Baturkiya ce ta riƙe ni, matar wani mahauci. Ta ga kullum ina tsayawa ina kallon nama ina wucewa, ran nan sai ta yafito ni, ta ƙulle mini ƙashi a leda ta ce in yi romo. Daga baya har ta riƙa shimfiɗa mini darduma a bayan shago in yi azahar. Ba ma jin yaren juna sosai, amma ranar da na nuna mata hoton 'yata Zulai, wadda na bari a wurin Inna tun bayan rasuwar mahaifinta, sai da muka yi kuka tare a tsakanin firji da buhunan albasa.

Da na ci jarrabawa aka tura ni gidan kula da tsofaffi a wani ƙaramin gari da duwatsu suka kewaye. Da sanyi, kafin la'asar rana ta ɓuya a bayan dutse. Mutanen garin gaisuwarsu kalma ɗaya ce, su wuce. Ni kuwa da bakina na Kano sai in tambayi gajiya, in tambayi gida, in tambayi yara, su tsaya suna kallona kamar zan roƙe su wani abu. Tsofaffin ne kawai suka so abin, don sun daɗe ba a tambaye su komai ba. A cikinsu akwai Hilda, wadda nake ce wa Iya Hilda, tsohuwa mai bakin tsiya da karkatacciyar ƙafar hagu da nake shafa wa mai kowace safiya. Ta ce ban iya gyara gado ba, na ce ita ba ta iya kwanciya ba. Haka muka shaƙu.

A shekara ta uku na ɗauko Zulai, tana da shekara goma. Kafin wata shida ta fara gyara mini Jamusanci a gaban mutane. Amma a makarantarsu ita kaɗai ce baƙa, ita kaɗai ce mai ɗan hijabi, kuma na sha leƙawa ta shinge lokacin hutun tara in gan ta tana cin burodinta ita kaɗai a kan benci. Ba ta taɓa kawo ƙara ba. Wannan shirun nata ya fi komai damuna.

Ran nan ta dawo da takarda. Za a kai ajinsu kan dutse mako guda su yi siki, wato zamiya a kan dusar ƙanƙara da dogayen alluna biyu a ƙafa. Yaran garin tun kafin su iya magana ake ɗora su a kai.

"Umma, ba sai na je ba," in ji ta, tana kallon ƙasa. "Malama ta ce wanda bai je ba zai zauna a ajin ƙanana."

"Ajin ƙanana? Ke? Wallahi sai kin je. Ko da rarrafe za ki sauko daga dutsen nan, da su za ki hau."

Maƙwabciyata ta ba mu alluna da takalmin da suka yi wa ɗanta kaɗan. Sai dai an cire wa allunan mariƙi, wato ƙarfen da ake kafewa a jikin allo ya cafke takalmi ta gaba da ta dunduniya. Na shiga intanet na samo a wurin wani mutum a wani gari, da araha, ya aiko ta gidan waya. Ban ga wata matsala ba. Mu a gida ka sayi shadda a Kwari ka kai wa telanka a Kabuga, ka sayi fata a Kurmi ka kai wa baduku. Ba wanda zai tambaye ka me ya sa ba a wurinsa ka saya ba.

Na kinkimi kayana na tafi babban shagon da ke bakin titi, mai gilasai da fitilu. Wani ma'aikaci ya ɗaga mariƙin da yatsa biyu.

"A ina kika sayi wannan?"

"Ina ruwanka da inda na saya? Ɗaurawa za ka yi, in biya ka."

"Ba ma ɗaura abin da ba mu muka sayar ba. In wani abu ya faru, wa za a kama?"

Na ce masa a garinmu mai sana'a ba ya tsoron aikin hannunsa. Ya yi murmushin da ake yi wa wanda bai san komai ba, ya nuna mini sababbi a jikin bango. Na kwashe kayana na fita ina huci.

A bayan coci akwai wani ɗan shago da ban taɓa kula da shi ba. Kafin in shiga na tsaya a lungu, na ciro jar makar da muke rubuta suna a kwalaben magani, na ɗiga alama a ƙarƙashin kowane ƙarfe. Haka Inna ta koya mini: in za ki ba telan da ba ki sani ba yadi, ki yi masa alama a gefe, kada a musanya miki. Ina tura ƙofa warin kakin zuma da gam ya buge ni, sai da na tsaya. Babana baduku ne, a Kurmi ya tsufa yana ɗinka takalma, kuma kusan haka rumfarsa take wari.

Mai shagon tsoho ne, sunansa Yozef, ni kuwa tun ranar Baba Yusufu nake ce masa. Ya jujjuya ƙarafan, ya danna nan, ya ja can. Na ga idonsa ya sauka a kan jajayen ɗigon nan, ya dube ni ta saman tabarau, bai ce komai ba.

"Lafiyarsu ƙalau. Kin yi sa'a," in ji shi. "Ina yarinyar?"

"Tana makaranta. Ga lambar takalminta na rubuto."

"Ba lamba na tambaya ba. Kawo ta, ki kawo takalmin."

Nan ya fara shiga raina. Babana ma bai taɓa yanka fata ba sai ya zana ƙafar mutum a kan kwali, ko da mutumin zai rantse ya san lambarsa.

Washegari na kai Zulai. Ya ɗora ta a sikeli, ya auna tsawonta a jikin ƙofa, ya tambaye ta ko ta taɓa hawa siki, ta ce a'a. Ya auna ƙasan takalmin, ya ɗaure allo a teburinsa, ya ɗauko injin huji. Ni kuwa na jawo kujera na zauna a gefensa.

"Ki je ki dawo da yamma," ya ce. "Ba a zama a nan."

"Mu a wurinmu ana zama."

Ya yi wata ƙara a maƙogwaro, ya ci gaba. Can ya miƙo mini shayi ba tare da ya kalle ni ba. Na ga aiki ranar. Kowane rami sai ya auna sau biyu kafin ya huda, ya hure ƙurar, ya ɗiga gam, sannan ya sa kusa. Hannunsa ba ya rawa ko kaɗan.

Da ya gama sai ya murɗa wasu noti huɗu masu lambobi a jiki, biyu a kowane allo, ya tsayar da su can ƙasa. Ya sa takalmin ya cafke, ya maƙala wata na'ura ya murɗa gefe. Ƙwas, takalmi ya fita.

"Yauwa," in ji shi.

"Yauwa me? Ya fita fa, Baba."

"Haka ake so. In ta faɗi, dole ya sake ta. Na daidaita shi da nauyinta. Kada a taɓa waɗannan notin."

Ba zan ce ban ji ba. Na ji kowace kalma, na kuma fahimta. Ban yarda ba ne kawai. Na sha jin tela ya datse riga ya ce haka ake yayi yanzu. A gidanmu kuwa aikin da ya kwance abin kunya ne. Takalmin da babana ya ɗinka sai ƙasansa ya cinye maɗaurin yana nan daram, kuma da wannan aka san shi tun daga Kurmi har ƙauyuka. Na biya, na yi godiya, na fito zuciyata ba ta kwanta ba.

Ranar Asabar da hantsi Zulai ta sa takalmin a kan kafet tana gwada mini yadda za ta yi. Ta ɗan juya da ƙarfi, ƙwas, ya fita. Nan take na hango ta a kan dutse, allo ya tsere ya bar ta, yara sun kewaye ta suna dariya. Dariyar nake tsoro, ba faɗuwar ba. Na ɗauko sukundireba.

"Umma, Baba Yusufu ya ce kar a taɓa fa."

"Baba Yusufu ne ya haife ki? Miƙo min allon."

Na ɗaure notin nan huɗu tamau, har sai da suka ƙi motsi. Na ce ta sa, ta murɗa. Ta murɗa, ta yi tsalle, ta ja, bai ko girgiza ba. Na ce to yanzu aka yi aiki. Har hoto na ɗauka na tura wa Inna.

Ranar Lahadi ina aikin safe. Ina shafa wa Iya Hilda mai ina ba ta labari da alfahari, yadda tsohon ya bar abu sako-sako ni kuma na gyara. Na zaci za ta yi tsiyar da ta saba. Maimakon haka sai ta ce:

"Rakiya, ɗage bargon nan duka."

Na ɗage.

"Shekara biyu kina shafa ƙafar nan, ba ki taɓa tambayar me ya same ta ba. Ina da shekara goma sha bakwai. A zamaninmu mariƙi ba ya saki. Na faɗi, allon ya kafe a cikin ƙanƙara, jikina ya juya, ƙafar ta tsaya inda take."

Ni ma'aikaciyar jinya ce, ba sai an yi mini bayanin karayar da murɗewa ke kawowa ba. Na dubi dogon tabon da ya zagaye ƙwaurinta, wanda hannuna ya san shi kamar nawa, sai na ga ƙwaurin Zulai. Na ajiye kwalbar man. Motar makaranta za ta tashi Litinin da sassafe. Ranar Lahadi kuwa ko kantin burodi ba ya wuce hantsi a garin.

"Bari in koma in sassauta," na ce.

"Zuwa lamba nawa?"

Ban sani ba. Ban ko duba inda ya tsayar da su ba kafin in murɗa.

"To kada hannunki ya sake zuwa wurin," in ji ta. "Yozef a saman shagonsa yake zaune. Ki je ki buga masa ƙofa. Zai yi ihu, tun yana yaro haka yake. Ki tsaya ya gama."

A can buga wa mutum ƙofa ranar Lahadi da maganar aiki babban rashin ta-ido ne. Kuma Allah ya sani, a kan hanya sai da zuciyata ta raya mini in yi shiru, in ce wa Zulai ba ta da lafiya, ta zauna a ajin ƙananan, ba wanda zai san abin da na yi. Amma ina isa gida daga aiki da azahar na ɗauki allunan a kafaɗa, na riƙo hannunta muka tafi.

Matarsa ce ta buɗe. Shi kuma ya fito yana goge baki, daga kan abinci ya taso. Tun da na shiga ƙasar nan ban taɓa rusuna wa kowa ba, ko wanda ya yi mini jarrabawa. Ranar na durƙusa har ƙasa a bakin ƙofarsa, yadda ake yi wa manya a gida.

"Baba, na yi laifi. Na taɓa aikinka."

Ya karɓi allo ɗaya, ya kai kusa da ido, ya duba lambar. Fuskarsa ta yi jajir. Ya fara faɗa da yarensu na kan dutse, wanda rabi kawai nake kamawa. Har yau Zulai ta ƙi fassara mini sauran rabin.

"Wannan ko ni da ƙibata ba zai sake ni ba! Yarinya ce fa, ƙafarta kamar sandar tsintsiya!" Ya numfasa, ya juya allon. "Kin sa musu jan ɗigo don kada in cuce ki. Na gani, ban ce komai ba. Kin zauna a kaina kina gadi, na ba ki shayi. Me kuma kike so in yi kafin ki yarda?"

Wannan maganar ta fi ihun zafi. Hawaye suka zubo mini, ban share ba.

"Babana mai sana'ar hannu ne kamarka," na ce. "In wani ya taɓa aikinsa ba ya sake karɓa. In ka ƙi, ka yi daidai, ba zan ga laifinka ba. Amma ni na yi, ba ita ba. Gobe da safe za su tafi."

Ya dubi Zulai, wadda ta ƙanƙame rigata. Matarsa ta ce masa wani abu a hankali. Ya ɗauko makulli daga jikin ƙusa, ya sauka matakala da silifas ɗinsa na cikin gida, muka bi shi.

Ya sake ɗora ta a sikeli kamar bai taɓa ganin ta ba. Ya mayar da notin ɗaya bayan ɗaya, yana gwada kowanne da na'urarsa. Sannan ya sa Zulai ta tsaya a kan allon, ya ce in tsuguna in bugi gefen takalmin da tafin hannuna. Na buga. Ƙwas. Ya sa na maimaita a ɗaya ƙafar. Daga nan ya ɗauko wani fenti ruwan ɗorawa ya ɗiga a kan kowane noti.

"Ni ma na sa alamata," in ji shi. Ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce Lahadi ba ya aiki, don haka wannan ba aiki ba ne.

Na yi abubuwa a ƙasar nan da nake alfahari da su. Na ci jarrabawarsu da yarensu, na riƙe aikina, na kawo 'yata. Amma in aka ce in zaɓi ɗaya, durƙuson nan zan zaɓa, don na san wuyar da ya yi mini.

Litinin suka tafi. Ranar Laraba ina raba magani malamarsu ta bugo. Ta fara da "kada ki tsorata", wanda duk uwa ta san ba abin da ya fi shi tsoratarwa. Ta ce Zulai ta yi mummunar faɗuwa a wata kwana, ta yi ta mirginawa, allunan biyu duk sun fice. Ta ce likitan wurin ya duba, ba komai, yanzu haka ma ta koma cikin yara. Na yi godiya na ajiye wayar. Amma ni ma na sha gaya wa dangin marasa lafiya "ba komai" don in kwantar musu da hankali. Kwana biyun nan abinci bai shiga cikina yadda ya kamata ba.

Ranar Juma'a da la'asar iyaye suka taru a filin makaranta, kowa ya tsaya tsit hannu a aljihu. Mota ta iso, yara suka fara zubowa. Na ƙirga kawuna, ban gan ta ba. Can ƙarshe sai ga ɗan hijabinta a ƙarƙashin hula, yara mata biyu sun saƙalo hannuwanta, ɗaya dama ɗaya hagu. Na ce shi ke nan, tallafo ta suke yi.

Ban san lokacin da na ratsa mutane ba. Na zube a kan ƙanƙara a gabanta, na kama ƙwaurin dama na latsa daga gwiwa har idon sawu, na koma na hagu, na lanƙwasa, na miƙe.

"Umma, mutane fa suna kallo," ta ce da Hausa, ƙasa-ƙasa.

"Nan da zafi? Nan fa? To me ya sa suka riƙe ki?"

"Ba komai fa, Umma. Ƙawayena ne. Haka muke tafiya."

Na ɗaga kai. Yaran biyu suna kallona da jajayen kumatu, kuma har lokacin ba wadda ta saki hannunta. Na miƙe, gwiwoyina sun jiƙe sharkaf. Na san inda nake, na san mutanen garin ba sa son hayaniya. Na kama hancina na rangaɗa guɗa har sau uku, dutsen da ke bayan makarantar yana amsa mini.